Gasar Bais a Kan Teburin Suweiba

Gardamar bais a majalisar shayi ta bakin lungunmu na unguwar Maamobi ta girmi butar da ake dafa shayin. Bais, ga wanda bai taɓa leƙa shagon maƙeri ba, shi ne ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a gefen teburin aiki. A murɗa hannunsa ya cije abu gam, mai aiki ya samu damar yanka ko guga. Mutum uku ne suka riƙe gardamar. Baba Imoro, tsohon maƙeri mai yin kurfoti, yana da wani baƙin bais ɗan Ingila da ya gada wurin maigidansa, nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Kazeem mai walda yana da sabo ɗan China, shuɗi mai sheƙi, gindinsa na juyawa duk inda aka so. Muftahu makaniki kuwa da hannunsa ya haɗa nasa, daga sifirin ɗin tsohuwar tifa da ƙarfen jak. Mummuna ne ƙwarai, amma yana son sa kamar ɗan fari.

Kullum sai sun yi, kullum a tashi ba a gama ba, kuma babu wanda abin ya dama. Sai ranar da Mutawakilu ya ajiye kofinsa ya ce shi zai raba gardamar.

Mutawakilu bai taɓa ƙira ba, bai taɓa walda ba. Abin da ya taɓa yi shi ne gadin wani shagon kayan ƙarfe a Adabraka, kafin a sallame shi saboda barci. Tun daga nan yake kiran kansa Injiniya. 'Yan majalisa suka yarda da sunan, suka ƙara masa kalma ɗaya: Injiniyan Baki.

Ya ce, "Dukanku ba ku san bais ba. Aiki kawai kuke yi da shi. Ni kwana na yi da bais. Bais a kaina, bais a ƙafata. Har numfashinsu na sani."

Kazeem ya ce, "Cale, abokina, a cikin kwali ka san su."

"A cikin kwali ake sanin halin bais, kafin duniya ta ɓata shi. Ranar Asabar ku kawo su nan duka ukun. Zan ɗaure su a teburi ɗaya in yi musu jarrabawa a gaban jama'a, irin wadda ake yi a masana'anta. Daga ranar, duk wanda zai sayi bais, daga Nima har Tema, sai ya zo ya gaishe ni ya tambaya. Allo zan kafa: Injiniya Mutawakilu, Likitan Bais."

Kazeem ya yarda nan take, don ya tabbata nasa ne zai ci. Muftahu ma haka. Baba Imoro ne ya ce bais ɗinsa ba ya yawo, ba budurwa ba ne da za a fito da shi dandali. Mutawakilu ya matsa kusa da kunnensa, ya yi ƙasa da murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ni ban ce ba, amma ana cewa tsoro kake yi. Wai bais ɗin ya bi sawun mai shi, haƙora sun zube."

Baba Imoro ya ɗan tauna dasashinsa, ya dubi Kazeem kamar shi ya faɗa. Sannan ya ce, "Ku nemo amalanke."

Muftahu ya ce, "To, a wane teburi?"

Mutawakilu ya kaɗa hannu. "Teburi ba matsala ba ne."

Teburi kuwa shi ne matsalar. A duk bakin lungun teburi ɗaya ne mai faɗin da zai ɗauki bais uku, shi ne na Suweiba, matar Mutawakilu, wanda take sayar da tuwon zafi da miyar ayoyo a kansa kowace yamma. Da teburin nan ake ci a gidansu. Kuma a bakin lungunmu akwai doka tsakanin mata masu sana'a, wadda shugabarsu Magajiya Zelia ke riƙe da ita: wuri na teburi ne, ba na mutum ba. Muddin teburinki na tsaye, ko Makka kika tafi wurinki na nan. Ranar da ya tashi, wurin ya zama na wadda ta riga. Shi ya sa Suweiba ta ɗaure ƙafar teburinta ɗaya da sarƙa a jikin turken lantarki, ta datse da kwado, mabuɗin kuma a bakin zaninta yake kwana.

Tana da dalili. A bayanta, can cikin lungu inda mai wucewa a titi ba ya gani, Mulikatu mai soya doya ce ke zaune. Shekara da shekaru Mulikatu na kallon wurin Suweiba kamar yadda kyanwa ke kallon kifin da aka shanya.

Ranar Asabar ɗin Suweiba na da suna a Alajo, gidan ƙanwarta. Can za ta yi girkin taro, ta haɗa da na sayarwa, ta taho da shi da yamma. Da za ta fita ta tsaya a ƙofa.

"Baban Latifatu, ka sa mini ido a kan teburi."

"Ido kawai? Har hannu zan sa masa."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Idon ya isa."

Motar da ta shiga ba ta sha kwana ba ya aro na'urar huda katako wurin Kazeem. Kowane bais rami huɗu yake bukata. Mutawakilu ya ce injiniya ba ya awo da igiya, da ido yake yi. Ya huda, aka ɗora bais, ramuka suka ƙi haɗuwa da na ƙarfen. Ya ce laifin China ne. Ya sake hudawa, suka sake ƙi. Ya ce laifin katako ne, ya motsa. Kafin azahar tsakiyar teburin ta cika da ramuka a jere, daga wannan gefe zuwa wancan.

Mulikatu ta leƙo daga bayan kaskonta. "Mijin Suweiba, taliya za a tace a nan?"

"Iska ake ba katako, Anti. Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

"Yoo. Allah ya ba da sa'a." Ta faɗa da zuciya ɗaya, don ita ma tana da abin da take roƙo.

A ƙarshe dai aka ɗaure su. Na Kazeem da na Muftahu a gefen da ke fuskantar titi, na Baba Imoro kuma, saboda nauyinsa, a kusurwar da ke da sarƙa. Mutawakilu ya shiga gida ya fito cikin rigarsa ta Sallah, babbar riga ta shadda da wando mai faɗi, ya aro lasifikar mai tallan maganin basir. Ana sallame sallar la'asar ya tare mutane a ƙofar masallaci.

"Jama'a, yau ƙarya za ta ƙare. Gani ya kori ji."

Bakin lungu ya cika. Masu dako suka ajiye kaya, tela ya rufe shago, mata suka fito da ludayi a hannu. Baba Imoro ya zauna a kujera kusa da bais ɗinsa kamar wanda ya rako mara lafiya asibiti.

"Jarrabawa ta farko, riƙo," in ji Mutawakilu. Ya ɗauko dogon bututun ƙarfe ya sa a bakin bais ɗin Kazeem, ya murɗa, bututun ya miƙe a kwance ya wuce gefen teburi. "Bais na ƙwarai yana ɗaukar nauyin namiji. Zan rataya a jikin bututun nan. In ya sake ni, ya faɗi."

Kazeem ya miƙe. "Masta, tsaya, ba ka ɗaure gindin ba, yana..."

"Mai bais ba ya magana lokacin jarrabawa. Ka taɓa ganin uba ya shiga aji yana ba ɗansa amsa?"

Ya ja da baya, ya naɗe hannun riga, ya taho da gudu ya cafki bututun. Bais ɗin bai sake shi ba. Juyawa ya yi. Gindin nan mai santsi, wanda Kazeem ke shafa wa mai kowace Juma'a, ya ɗauki Mutawakilu ya zaga da shi kamar fanka. Ƙafafunsa suka share kofunan shayi, suka cire hular tela, rigar ta buɗe a iska kamar tantin biki. Da ya ga zai daki turken lantarki sai ya saki, ya tafi da baya, ya zauna daram a cikin bahon da Mulikatu ta jiƙa yankakkiyar doya.

Ruwa ya fallatsa har kan titi. Dariya ta tashi har wani ɗan dako ya kwanta a ƙasa.

Mutawakilu ya miƙe, doya manne a bayansa, ya ɗauki lasifika. "Wannan shi ake kira gwajin juyi. Kun ga yadda ya juya ba ƙara? Na ba shi rabi."

Mulikatu ta ce, "Doyata fa?"

"A ɗauraye, Anti. Rigar Sallah ce, tsaf take."

Mulikatu ta sunkuya. Ta kwashe doyarta, ta dubi teburin Suweiba da ya ɗan karkace, ta jawo nata teburin gaba kamar taki ɗaya.

"Jarrabawa ta biyu, duka." Mutawakilu ya ɗauko babbar gudumar Baba Imoro, wadda sai da ya yi nishi kafin ya raba ta da ƙasa. "Bais da ba ya cin duka ba bais ba ne, kayan ado ne. Muftahu, ka yafe wa naka tun yanzu."

Muftahu ya harɗe hannu yana murmushi. "Daka, Injiniya. Tifa ta hau kansa shekaru bai ce uffan ba."

"Tifa ba ta da dabara."

Ya ɗaga gudumar sama, ya yi tangaɗi, ya sauke ta a tsakiyar kan bais ɗin. Sifirin kuwa sifirin ne ko an mai da shi bais. Abin da ka ba shi, shi zai mayar maka. Gudumar ta dawo da ƙarfin da ta je, ta ƙwace daga hannunsa, ta bi ta kan hularsa, ta yi sama tana juyawa. Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ta sauko a kan butar shayin majalisa, ta mai da ita faifai.

Mai shayi ya ɗaga abin da ya rage na butar ta hannunta, ya leƙa ta ƙasa, ya leƙa ta sama.

Ya ce, "Injiniya, wannan kuma maki nawa ta ci?"

"Butar ba ta cikin gasa. Ita ta shigo fili."

Muftahu yana tsalle. "Kun gani? Ko tabo babu. Na gida paa, na asali."

"Ya rama duka," in ji Mutawakilu. "Rashin tarbiyya ne. Shi ma rabi."

A ƙarƙashin hayaniyar akwai wata 'yar ƙara da teburin ya yi, irin ta busasshen rake. Tsaga ta bi layin ramukan nan ta tsakiya, siririya kamar zare. Babu wanda ya lura sai mutum ɗaya. Mulikatu ta ƙara jawo teburinta gaba.

Mutawakilu ya juya kan baƙin bais. Baba Imoro ya ɗora hannu a kansa. "In ka kusanto shi da guduma, ni da kai ne."

"Haba Baba. Tsoho ba a gwada shi da duka, da ladabi ake gwada shi. Jarrabawa ta uku, tausayi. Jama'a, bais na asali ya san ƙarfe, ya san alharini. Zai riƙe rigar nan tawa gam, amma ko zare ɗaya ba zai cire ba."

Ya damƙi rigarsa ta wajen cinya, cike da hannu, ya cusa a bakin bais ɗin. Yana kallon jama'a ne, ba ya kallon hannunsa, don haka bai ji cewa ya haɗa da wando ba. Ya murɗa. Ya ƙara murɗawa. Ya sa ƙirji ya danna har jijiyar wuyansa ta fito.

Hannun bais ɗin nan wani guntun rodi ne da ke zamewa a cikin rami, kuma ƙullin kansa ɗaya ya daɗe da gutsurewa. Baba Imoro ya saba, kullum a kwance yake barin sa. Mutawakilu ya bar shi a tsaye, ya buɗe hannuwa biyu don karɓar tafi. Rodin ya zame, ya faɗi a siminti ya yi ƙara mai daɗi, ya gangara a natse, ya samu tsakanin murafan kwata ya shige. Aka ji cuɓul daga ƙasa.

Baba Imoro ya miƙe a hankali. "Ina hannun bais ɗina?"

"Ya ɗan sauka ƙasa, Baba. Yana nan, ba inda za shi."

Ya ɗaga ƙafa zai matsa gaba ya yi bayani. Ƙafar ta tafi, wandon bai bi ta ba. Ya sake gwadawa. Tazugen ya ja cikinsa, ya ji iska a inda bai kamata ba. Ya koma da sauri ya jingina da teburin, ya ɗora gwiwar hannu a kan bais ɗin kamar mai ɗaukar hoto.

Kazeem ya gane. Dariya na cin sa ya ce, "Cale, bari in kawo rodi in sake ka."

"Ka saki wa? Wa ya ce maka na maƙale? Tsayawa nake kusa da ɗalibina."

"To taho nan ka karɓi lasifikarka."

"Miƙo ta. Alƙali ba ya zuwa wurin kaya, kaya ke zuwa wurin alƙali."

Wata mata daga baya ta ce, "Injiniya, ɗan taka mu ga tafiyar malamai." Ya yi kamar bai ji ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Mutawakilu ya ga in ya tsaya a nan, da wandonsa za a tuna ranar, don haka ya ɗaga murya fiye da da.

"Jarrabawa ta ƙarshe, babbar cikinsu. Ja. A kira mini Ishawu."

Ishawu yana da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya, wanda ƙararsa ke riga shi isa unguwa. Mutawakilu ya ba da umarni daga inda yake tsaye. Aka sa rodi a bakin bais ɗin Kazeem, aka sa wani a na Muftahu, kowanne ya murɗa nasa iya ƙarfinsa. Aka ɗaura igiya daga rodunan zuwa bayan aboboya. Wanda ya fara sakin rodinsa ya faɗi.

Tela ya ce, "Na Baba Imoro fa?"

"Shi yana da aiki a baki."

Muftahu ya ɗan girgiza teburin. "Injiniya, teburin tuwo ne fa."

"Teburin da ya ɗauki tukunyar Suweiba, wane bais ne zai gagare shi? Ga sarƙa, ga kwado, ga turken gwamnati. Ko giwa ba ta motsa shi."

Ishawu ya leƙo daga kan babur. "Masta, a hankali ko da ƙarfi?"

"Ka taɓa ganin jarrabawa a hankali? Murɗa har ƙarshe."

Ishawu ya murɗa. Hayaƙi ya turnuƙe, igiya ta miƙe ta yi tsam. Bais ɗin China bai saki ba. Na gida bai saki ba. Sarƙar Suweiba ma ba ta saki ba. Duk cikinsu babu mai niyyar jin kunya, sai katako. Teburin ya yi wata doguwar ƙara, ya rabe a kan layin ramukan Mutawakilu, daidai kamar an auna. Babban ɓangaren, da ƙafa uku da bais biyu, ya bi aboboya ya hau titi yana tsalle. Ishawu ba ya jin komai sai injinsa. Da ya waiwayo ya ga mutane na ɗaga hannu suna ihu, ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wuta ya nufi Nima.

Kazeem ya bi shi a guje yana kiran fentin bais ɗinsa. Muftahu na biye, yana gudu yana gaya wa duk wanda ya wuce, "Bai saki ba. Ku duba, har yanzu bai saki ba."

Abin da ya rage a wurin shi ne ƙafa ɗaya mai sarƙa, da guntun katako, da baƙin bais. Suka yi ɗan tunani, suka kwanta. Ɗan maraƙin ƙarfe ya ja Mutawakilu ya zaunar da shi a ƙasa, ƙafafu a miƙe, hula a kan hanci.

Ƙura ba ta kwanta ba Mulikatu ta ɗaga teburinta ita kaɗai, da kasko da komai, ta dire shi a bakin titi, a inuwar da ta yi shekaru tana mafarki. Tana gyara zaman tire sai ga tasi ta tsaya. Suweiba ta fito. Direba ya sauke mata tukunyar tuwo da ta miya.

Jama'a suka buɗe mata hanya ba wanda ya ce su buɗe. Ta dubi turke. Ta dubi sarƙa. Ta bi sarƙar da ido har ƙafar teburi, daga ƙafar zuwa bais, daga bais zuwa mijinta.

"Baban Latifatu, ina teburina?"

"Sannu da dawowa, Maman Latifatu. Ya suna? An sa wa yaron wa?"

"Ina teburina?"

"Yawancinsa ya ɗan je Nima. Yanzu zai dawo."

Mulikatu ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Suweiba 'yar'uwa, wallahi ba ni na tashe shi ba, kowa shaida ne. Amma doka doka ce. Teburi ya tashi."

Wani ya riga ya kira Magajiya Zelia, ga ta nan tafe da sandarta. A daidai lokacin Kazeem ya dawo yana haki, rungume da bais ɗinsa da ya koɗe, riƙe da rodi. Ya durƙusa zai zura rodin ya saki Mutawakilu.

Suweiba ta ce, "Kazeem, kada ka taɓa."

Baba Imoro ma ya ce, "Kada ka taɓa. Baƙon ƙarfe ba ya shiga idon bais ɗina. Wanda ya jefa hannun a kwata shi zai shiga ya ɗauko."

Mutawakilu ya ce, "Baba, ta yaya zan shiga ina ɗaure?"

"Kai ne injiniya."

Magajiya ta zauna a kujerar da aka kawo mata, ta ji ta bakin kowa. Suweiba ta kwance bakin zaninta ta nuna mabuɗi. "Magajiya, ga mabuɗina, ga kwadona a kulle. Inda na ɗaure teburina da safe, nan yake ɗaure."

Mulikatu ta ce, "Ƙafa ɗaya ba teburi ba ce. In haka ne ni ma gobe in kawo muciya in kafa a gaban banki in ce wurina ne."

Magajiya ta gyaɗa kai. "Da gaskiyarki. Teburi shi ne abin da za a ɗora tukunya a kai a sayar wa mutum abinci. In za a iya, teburi ne. In ba za a iya ba, itacen wuta ne. Suweiba, za a iya?"

Suweiba ta sake duban abin da ke ƙasa. Mijinta na zaune, cinyoyi biyu a miƙe, a jere, ba inda za su. Ta tsallaka titi, ta tsinto wani faffaɗan katako da teburin ya yar a hanyarsa, ta karkaɗe shi.

"Haɗe ƙafafunka."

"Maman Latifatu, a gaban jama'a..."

"Jama'ar ai kai ka tara su. Ɗaga gwiwa. Daidaita."

Ta ɗora katakon, gefe ɗaya a kan bais, gefe ɗaya a kan gwiwoyinsa. Ta shimfiɗa ledarta mai furanni. Ta aza tukunyar tuwo, ta aza ta miya, ta jera kwanuka.

"Da zafi fa."

"Riƙe kunnen tukunyar, kada ta zame." Ta juya. "Magajiya, ƙafa ɗaya ta katako, biyu na mutum. Uku ke nan. Na Mulikatu ma uku ne, ta huɗun bulo ne."

Magajiya ta miƙa kwano. "Zuba mini in gani. Ki sa nama."

Suweiba ta zuba. Teburin ya ɗan yi rawa da aka danna mara, ta ce masa ya natsu, ya natsu. Magajiya ta ci loma, ta ci ta biyu, ta suɗe yatsa.

"Teburi ne. Mulikatu, koma wurinki. Amma Suweiba, ki ji da kyau: in ya tashi kafin a kawo wani, wuri ya tashi."

"Ba zai tashi ba, Magajiya."

Mulikatu ta ja teburinta tana cewa ba ta taɓa ganin inda aka yi shari'a da cinyar mutum ba. Ishawu ya dawo da ragowar katakon, aka kai wa Rauf kafinta, ya ce kafin magariba zai haɗa. Kowa dai ya san magaribar kafinta.

Labari kuwa ya riga aboboya zaga unguwa. Mutane suka taho daga Nima, daga Kotobabi, wasu ma sun ci abinci a gida, don kawai su sayi tuwo a teburin da ke amsa sallama. Layi ya kai har ƙofar masallaci. Baba Imoro ya samu kwanonsa kyauta, da ƙarin nama, ya zauna yana gadin bais ɗinsa kada wani mai tausayi ya matso da rodi. Duk wanda ya zo kan layi sai ya sunkuya.

"Injiniya, sannu da aiki. To wanne ya fi?"

Mutawakilu ya ga layin, ya ga duk shi ake tambaya, ya ji wani abu ya dawo masa a ƙirji. Ya tura hularsa baya da kafaɗa.

"Ɗan Ingila. Na China juyi gare shi, na gida rama duka yake. Wannan kuwa ya kama alƙalin kansa bai saki ba, kuma ku duba, ko zare bai cire ba. Ban ce muku duk mai son sanin bais sai ya zo ya durƙusa a gabana ba? Ga shi kuna durƙusawa."

Rana na gab da faɗuwa Rauf kafinta ya taho yana share gumi, ya ce saura ƙusa kaɗan, yanzu zai kawo. Suweiba ta dubi layin da bai ragu ba, ta leƙa tukunyar da ta kusa ganin gindinta.

Ta ce, "Rauf, yi aikinka a natse, kada ka yi gaggawa. Tun da na auri mutumin nan, yau ne na ga ya riƙe abu bai saki ba."

Mutawakilu ya daidaita gwiwoyinsa, ya ɗaga kai ya dubi jama'a.

"Kun ji ko? Har ita ta shaida."